Takalmin Hagu na Myron Bilyk

Stony Bend, Saskatchewan
4 ga Yuni, 1981

Zuwa ga Lesia 'yar Halyna,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya ke da mahaifiyarki. Mu nan mun gode Allah. Matata Stefa tana fama da ƙafa kamar kullum, ni kuma baya. Alkama ta tsiro, sauro ya fito. Gaisuwar ta tsaya nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Idan kin manta ni, ni ne Orest Bilyk, ɗan ƙanwar kakanki. Ni na ɗaura miki takalmin sulɓi a ƙanƙara na farko a kan tafkin bayan gidanmu, kina shekara biyar kina ta kuka da majina. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina washin ƙarfen takalman 'yan hokin garin nan, masu wasan sanda a kan ƙanƙara.

Jaridarku ta iso shagon aski ran Litinin, aka yanke shafin aka liƙa a jikin madubi. Sunan da ke sama Lesia Harris. Sai da na yi wa mutane bayani cewa Harris ɗin nan Hrycak ne, ubanki ne ya wanke sunan ya goge shi da ya koma Winnipeg.

Na ga kin zama malamar makaranta, kina raba wa ƙungiyarmu maki. Kin yaba wa sabon manaja Pelletier da ya ba da golanmu Dutchak ya karɓo yara biyu da ko gemu ba su fara ba. Kin ba shi tara cikin goma don ya ɗauko ɗan Sweden ɗin nan Lindqvist, wanda na ji an ce idan aka bangaje shi, shi ke ba da haƙuri. Sannan kika sauko kan ɗana. Ga abin da kika rubuta, na haddace shi: "Myron Bilyk, ɗan baya, shekara talatin da shida. Niyyar sabunta masa kwantiragi tausayi ne, ba dabara ba. Maki biyu."

Maki biyu! Kin san al'adarmu, ko birni ya mantar da ke? Duk wanda ya buga wa Stony Bend kakar wasa goma sha biyar, ana rataye rigarsa a rufin filin wasanmu, ba mai sake sa lambarsa har abada. Mutum uku kaɗai suka taɓa kaiwa. Myron ya yi goma sha huɗu. Kaka ɗaya ta rage masa, kwantiragin kuma sai Satumba za a sa hannu, sai ga 'yar gida ta ɗauko gatari.

Ke da ba a ko barin ki shiga ɗakin 'yan wasa, me kika sani? Ba ki taɓa ɓoye ciwo na minti ɗaya don wani ba.

Kada ki kira ni a tarho. Gida shida ne a kan layin tarho ɗaya, matar maƙwabcinmu Prokop kuma ba ta da aikin da ya wuce ɗaga nata ta saurara.

Orest Bilyk

*

Winnipeg
11 ga Yuni, 1981

Kawu Orest,

Na sami wasiƙarka, na kuma gode da gaisuwar, duk da dai ta fi kama da sammaci. Mama tana lafiya, ta ce a gaida Inna Stefa, a ce mata ta daina tsayuwar murza kullun pirogi, abincin nan namu mai dankali a ciki, da wannan ƙafa. Ban manta ka ba. Ban kuma manta cewa takalmin da ka ɗaura mini na Myron ne, ya yi mini yawa, ka cusa jarida a ciki. Ka ga tun lokacin jarida ke riƙe da ni.

Maganar sunan babana, ka bar ta. Ya rasu, ba zai iya ba ka amsa ba.

Yanzu ga aiki. Dutchak ya sha ƙwallo ɗari biyu da tara a kakar da ta wuce. Kuna son sa ne don yana rera waƙa a bikin aure. Yaran nan biyu marasa gemu, ɗayansu zai ci muku ashirin bana, ka rubuta ka ajiye. Lindqvist kuwa ba ya faɗa, gaskiya ne. Kuna da mafaɗata biyar, sun kai ku na bakwai a cikin ƙungiya takwas. Ku gwada wanda ya iya miƙa faifan wasa, ƙwallon taku ke nan, ga ɗan'uwansa, ku gani.

Game da Myron, kana tsammani daɗi na ji? Shi ya koya mini tsayawa ba tare da na rungumi katanga ba. Amma gaskiyarka, ba a barina shiga ɗakin 'yan wasa, shi ya sa nake zama can sama kusa da rufi, inda ake ganin fili duka. Wasanninku goma sha huɗu na kalla daga nan. Myron ba ya juyawa hagu, Kawu. Idan ɗan gaba ya biyo ta damarsa, ya gama yawo. Idan ya biyo ta hagu, sai Myron ya yi wani dogon zagaye kamar motar hatsi tana kwana, kafin ya dawo an wuce shi. Ƙwallo goma sha ɗaya na ƙirga ta wannan gefen. Ban sa wannan a jarida ba, na ce shekaru kawai. Wannan shi ne zumuncin da na yi muku, ba ka ma lura ba.

Riga a rufi abu ne mai kyau. Amma akwai mutum goma sha tara a ƙungiyar nan da su ma suke da iyaye.

Taka,
Lesia Harris

*

Stony Bend
18 ga Yuni, 1981

Lesia,

Muna lafiya. An yi ƙanƙarar sama ran Talata, ta kwantar da gonar Prokop, tamu ta tsira. Stefa ta ce ta gode, ta kuma ce mahaifiyarki ba ta taɓa iya pirogi ba balle ta ba da shawara.

Motar hatsi, ko? To zauna in karantar da ke, malama mai zama kusa da rufi. Kin ga hayaƙi kin zo kina mini bayanin wuta.

Ba tsufa ba ne. Gwiwarsa ta hagu ce. A watan Fabrairun bara waccan ya faɗi a kusurwa, ya tashi ya gama wasan, bai gaya wa kowa ba. Ni ma bai gaya mini ba. A jikin takalmi na gani. Ƙarfen takalmi baki biyu gare shi da ɗan kwari a tsakani, kowane ɗan wasa kuma da yadda yake cinye nasa. Da na ga bakin ciki na takalmin hagu ya daina cinyewa, na san yaron nan ya daina dogara a kan ƙafar. Sai na rage zurfin kwarin na hagun kaɗan, don ƙarfen ya riƙa sulɓi maimakon ya ciji ƙanƙara ya murɗe masa gwiwa. Na miƙa masa. Ya shafa da babban yatsa, ya dube ni, ya sa. Daga ranar har yau ba mu taɓa yin maganar ba.

Kaka biyu ke nan! Koci Strachan bai gane ba. Likitan ƙungiya da ke sauraron ƙirji ya ce an wuce, bai gane ba. Ƙungiyoyi bakwai da ke neman inda za su sara ba su gane ba. Da sun san wace gwiwa ce, da tun a wasan farko sun aika masa mutum da sanda. Shi ya sa a wasan nan ba a faɗin inda ke ciwo, ko matarka ba ka gaya wa.

Mutumin da ya buga wasa ɗari da arba'in da ƙafa ɗaya da rabi, shi kika ba maki biyu. Lindqvist ɗinki idan farce ya karye masa sai an kira uwarsa daga Sweden. Sai ki koma sama ki ci gaba da ƙirga.

Orest

*

Winnipeg
25 ga Yuni, 1981

Kawu,

Lafiya lau nake, ko in ce lafiya lau nake kafin in buɗe wasiƙarka.

Kana cikin hankalinka kuwa? Ka san wa ka rubuta wa? 'Yar jarida ce ni. Don ka ci ni a gardama, ka ɗauki sirrin da ɗanka ya ƙi gaya wa matarsa ka zuba a ambulan ka liƙa kan sarki. Da editana zai ga takardar nan, shafin farko za ta hau, ni kuma daga ranar ba mai sake tura ni ɗauko sakamakon wasan 'yan makaranta. Shekara shida ina jiran labari irin wannan.

Kuma kana alfahari! Kaka biyu kana taya mutum lalata ƙafar da zai taka har ya mutu, don wata riga ta yi lilo a rufi ta sha ƙura. Wa kake yi wa, shi ko kanka? Kai ne kake so ka ɗaga kai kullum daga wurin dutsen washinka ka ga sunan Bilyk a sama.

Ban san abin da zan yi da takardar nan ba. Tana cikin jakata. Yau raina a ɓace yake, ba zan yanke komai ba. Za ka ji daga gare ni.

Lesia

*

Stony Bend
28 ga Yuli, 1981
Ta hannun Fada Ihor

Lesia,

Tun da ma'aikatan gidan waya suka shiga yajin aiki a ƙarshen Yuni ba takardar da ta shigo garin nan, shi ya sa na ba Fada, limamin majami'armu, wannan, zai zo Winnipeg taron majami'a. Ba zan tambayi lafiyarki ba. Stefa ba ta da lafiya, ni ma haka.

Kin ce zan ji daga gare ki. Wata guda ina jira. Kullum da safe sai na riga kowa zuwa shagon aski, in karɓi jaridarku daga hannun direban bas, in buɗe shafin wasanni. Sau biyu kika kira gidana, na ji muryarki na kife tarhon, don ina jin numfashin matar Prokop a kan layi. Na kuma san abin da irinku ke kira su nema: ta bakin mai laifi kafin a buga.

Sai na ce gara Strachan ya ji daga bakina da ya ji daga madubin shagon aski. Shekara ashirin muna tare. Na ce idan na riga ki, zai rufa wa Myron asiri, ya riƙa sa shi minti biyar-biyar har kaka ta ƙare. Ran sha huɗu ga wata na same shi yana yi wa benci fenti, na gaya masa komai.

Ya ajiye burushi ya ce, "Haba Orest! Me ya kai ka? Wa ya tambaye ka?"

Na ce, "Jarida za ta buga."

Ya ce, "To ta buga mana! Sai in ce ƙarya ce, yarinya ce ba ta san komai ba. Kai tsohon banza, kana tsammani makaho ne ni? Tun bara nake ɗora masa abokin baya mai gudu ta hagunsa. Muddin ba wanda ya faɗa mini, ban sani ba. Yanzu ka faɗa. Idan Pelletier ya tambaye ni, in ce me?"

Pelletier kuwa ya tambaya. Aka tura Myron Saskatoon aka ɗauki hoton gwiwar. Ran Juma'ar da ta wuce aka kira shi ofis, minti goma ya fito. Ba kwantiragi. An ce za a yi masa walima a ba shi agogo. Lambarsa shida kuma, an ce Lindqvist ya nuna yana so.

Strachan bai faɗi inda ya ji ba. Myron ya ce ke ce, tunda ke kika fara, duk gari ma haka suka ce. Ban gyara musu ba. Ke ce ai. Hannuna ne ya yi, amma ke kika tura shi.

Sai ki buga yanzu, ya zama tsohon labari. Kin sami abin da kike so, malama. Ki ƙara wa Pelletier maki.

O. Bilyk

*

Winnipeg
29 ga Yuni, 1981

Kawu Orest,

Ina fata ƙafar Inna Stefa da sauƙi. Ina sauri ne in jefa wannan kafin a rufe gidan waya, ana ta raɗe-raɗin yajin aiki.

Na ƙona takardarka. Jiya bayan an taso daga majami'a na sa ta a murhun Mama, na tsaya har ta zama toka. Ba wanda ya gani, ba kuma wanda zai ji daga bakina, ko edita ko Mama. Da ma ban taɓa niyyar bugawa ba, haushi ne ya sa na bar ka a rataye, don ka ɗanɗana. Na san abin da 'yan bayan ƙungiyar Moose Lake za su yi wa gwiwar nan idan suka sani. Wace irin mutum ka ɗauke ni?

Ban janye maki biyuna ba. Har gobe ina cewa Pelletier kuskure zai yi idan ya sa hannu, kai kuma mugun tsoho ne mai taurin kai. Amma ƙafar Myron tasa ce, kakar ma tasa ce. Ka kwantar da hankalinka, ka rufe bakinka, kada ka gaya wa kowa, ko da Strachan ne. Wata biyu ne kawai zuwa Satumba.

Ranar da za a ɗaga rigar, ka ajiye mini kujera a ƙasa. Na gaji da zama kusa da rufi.

Taka,
Lesia

*

Stony Bend
14 ga Agusta, 1981

Lesia,

An janye yajin aiki. Shekaranjiya aka kawo mana buhu uku na takardu, taki ta ashirin da tara ga Yuni tana ciki, tsakanin takardar kuɗin lantarki da littafin tallan iri. Na karanta ta a tsaye a bakin akwati. Sai Stefa ta fito ta same ni a zaune a ƙasa.

Da ba ki rubuta waccan ta ashirin da biyar ga Yuni ba. Da kin turo wani a bas. Da kin yi ihu a tarho kafin in kife, matar Prokop ta ji, duniya ta ji. Kwana biyu ina neman laifinki, ina samu kuma, amma bai ishe ni ba.

Myron ya fara aiki a rumbun hatsi. Ran Lahadi ya zo cin abinci da matarsa da 'ya'yansa. Ya ci pirogi uku ya ture faranti. Ya ce, "Baba, abin da ban gane ba, ta yaya ta san wace gwiwa ce? Ni da kai kaɗai muka sani."

Na ce, "'Yan jarida, ai ka san su."

Ya ce, "Shi ke nan. Kai dai ka riƙe ni kaka biyu, Baba, ban taɓa ce maka na gode ba." Ya dafa kafaɗata ya fita.

Shekara talatin da shida bai taɓa faɗa mini magana irin wannan ba, sai a kan ƙarya.

Ban iya roƙo ba, ba zan kuma koya a kanki ba. Amma ga magana. Ke kina Winnipeg, ƙiyayyar Stony Bend ba za ta iso ki ba, mil ɗari huɗu ne. Ni kuwa kowace Lahadi yana zaune a gabana. Shi kaɗai gare ni. Ki bar abin a kanki. Kada ki rubuta masa.

Orest

*

Winnipeg
21 ga Agusta, 1981

Kawu,

Mama tana gaida Inna Stefa. Ni ma ina gaishe ta.

Wasiƙunka biyu suna gabana, wadda Fada ya kawo da ta bayanta. Akwai ta uku, daga Myron. Layi biyu ce. Ya ce kada in sake kiran kaina 'yar'uwarsa, ya kuma haɗo mini da wani tsohon hotonmu ni da shi a bakin tafki, ya yanke kansa daga ciki da almakashi.

Na ɗauki biro sau uku zan gaya masa. Ka kashe masa kakarsa, ka bar ni da gawar, sannan ko "ki yi haƙuri" babu a takardarka, na duba har bayanta. Amma an riga an ƙwace masa riga da lamba. Idan na ƙwace masa uba, me ya rage masa? Ba don kai ba, ka ji da kyau. Ba zan rubuta masa ba. Ba zan taɓa faɗa ba.

Sai dai ba za ka same shi a arha ba. Jarida ta tura ni wasanku na farko, ran tara ga Oktoba, ranar da za a ba shi agogon. Zan zo. Kujerar ƙasa da na ce ka ajiye mini, ka ajiye ta, dab da wurin da kake tsayawa da dutsen washinka. Zan zauna in ji abin da mutanen garinku za su kira ni. Bayan an tashi zan sauko in miƙa wa Myron hannu a gaban kowa, ka kuwa san abin da zai yi. Kai kuma za ka tsaya a gefensa, ka kalla, ka yi shiru. Duk shekara zan zo, muddin kana raye.

A wasiƙarka ta farko ka ce ban taɓa ɓoye ciwo na minti ɗaya don wani ba. Sai ka zo da agogon Myron ka riƙa duba mini lokaci.

Kada ka sake rubuto mini.

Lesia Hrycak